Yarinyar da Ta Kira Maɗori

A can wani zamani, a wani ƙauye, an yi wata yarinya mai shekara goma sha huɗu wadda ke tsoron magana da mutane. Ko gaishe ta aka yi, sai ta sunkuyar da kai ta gudu.

Wata rana da hantsi, kowa ya tafi gona, mahaifiyarta ta faɗo daga kan rumbu, ƙafarta ta karye.

"Yi sauri ki kira maɗori," in ji uwar, tana nishi.

Yarinya ta ruga. Ta tarar da maɗorin a gindin tsamiya cikin dattawa, suna hira. Ta juya za ta koma, sai ta tuna yadda ta baro ƙafar innarta tana kumbura.

Ta matso, ta durƙusa, ta yi sallama. Ba wanda ya ji. Ta sake yi, sai duk suka zuba mata ido.

"Ɗaga murya, 'yata, kunnena ya tsufa," in ji maɗorin.

"Baba, ina kwana? Innata ce ta faɗo daga rumbu. Ƙafar hagu ce, ƙasan gwiwa."

Nan take tsohon ya ɗauko kayan aikinsa ya bi ta. Da ya gama ɗorin, ya dubi uwar ya ce, "Da an ƙara jinkiri, da kin daɗe ba ki taka ba."

Yarinya ta raka shi har ƙofa, ta ce, "Mun gode, Baba." A karo ɗaya ya ji ta.