Ƙyallen da Aka Kai Gidan Maƙwabta

Auta na guga a tsakar gida, Umma na ninke kaya, sai ga sallama daga ƙofa. Muryar kawai Umma ta ji ta saki zanen da ke hannunta.

"Wa nake ji kamar Injiniya?"

"Shi ne, Umma," Auta ta ce, kanta a ƙasa. "Gaishe ki ya zo yi, kuma..."

"Kuma me? Ki ce masa ya koma! Muddin ina numfashi, yaron nan ba zai aure ki ba!"

Babu abin da Injiniya bai ji ba. Tun da ya dawo daga karatu a ƙasar waje ya kasa zama wuri ɗaya. Tituna sun yi masa ƙanƙanta, kowace majalisa ya leƙa akwai wanda babu. Auta kaɗai yake gani hankalinsa ya kwanta, ita kuwa ƙanwar amininsa ce, marigayi Dogo.

Lokacin yaƙi, da sojoji suka tafi bakin daga, mazan gari suka kafa 'yan sa-kai. Dokarsu ita ce kowane gida ya ba da namiji ɗaya, a ɗaura masa jan ƙyalle a damtse, da sunan gidan ɗinke a jiki. Baban Auta, kafinta, shi ya tsaya wa gidansa. Injiniya kuwa daga shi sai Innarsa, ga tafiyar karatu ta taso. Dogo ya fizge ƙyallen gidansu Injiniya yana dariya.

"Kai da ko kaza ba ka iya kamawa? Je ka yi bokonka, ni zan tsaya wa Inna!"

A bakin gada aka harbe Dogo. Al'adar 'yan sa-kai, in mutum ya faɗi, a kwance ƙyallensa a kai gidan da ke rubuce a jiki. Waɗanda suka ɗauko shi 'yan wata unguwa ne, ba su san fuskarsa ba, sai suka kai wa Innar Injiniya. Umma ta jiyo kuka a maƙwabta, ta yafa mayafi ta tafi ba da haƙuri. A can ta ji ashe ɗanta ne.

Da yamma Injiniya ya tare Auta a bakin famfo, idanunta sun kumbura.

"Auta, na gaji wallahi. Akwai aiki yana jira na a can. Baba ya ɗaura mana aure, in yi miki fasfo, mu bar garin nan."

Ta dube shi hawaye na zuba. "Ka sake tafiya? Wannan karon wa zai tsaya maka?"

Maganar ta soke shi. Washegari ya kwance jakarsa, ya nufi shagon Baba, inda tsofaffin 'yan sa-kai ke zama, wani da sanda, wani da hannu ɗaya.

"A'a! Yau mai digiri ne a cikin ƙurar katako?" in ji mai sandar. "Ku ba shi guduma mu ga wane yatsa zai fara bugawa!"

Baba bai yi dariya ba, ya miƙa masa zarton Dogo.

Daga ranar duk abin da Dogo ke yi wa gidan, Injiniya ya ɗauka. Ya gyara rufin ɗakin Umma kafin damina, ya kai Baba asibiti, ya ɗauko cefane. Kullum ya durƙusa ya gaishe da Umma, kullum ta juya masa baya. Manema suka yi ta zuwa wa Auta, tana ba su haƙuri, tana ramewa. Injiniya bai tafi ba.

Wata safiya ya tarar da Innarsa a bakin akwati, jan ƙyallen a cinyarta.

"Kunyar uwar Dogo nake ji," ta ce. "Da wane ido zan kai mata?"

Ya karɓa, ya tafi ya durƙusa gaban Umma, ya miƙa mata da hannu biyu. Ta juya ƙyallen. A gefensa ga baƙin zaren da ta ɗinke wata yagewa da shi ranar fitar Dogo ta ƙarshe. Ta kifa fuskarta a kai ta fashe da kuka.

"Wayyo ɗana! Sai yau ka iso gida!"

"Umma," Injiniya ya ce, "Dogo ya tsaya wa gidanmu. Ki bar ni in tsaya wa naki."

Ta daɗe tana kuka, Auta na riƙe da ita. Can ta share ido.

"Tashi daga ƙasa. Auta, kawo wa yayanki ruwa." Ta dubi Injiniya. "Ka ce wa Innarka ta turo manya."

An ɗaura auren a shagon Baba, tsofaffin 'yan sa-kai ne shaidu. Benci ɗaya ba wanda ya zauna a kai, na Dogo.

Uwar da aka ƙona wa zuciya ba a yi mata gaggawa, ba a kuma guje mata. Zama ake yi kusa da ita da haƙuri, har ranar da Allah zai sanyaya mata.