Shirun Kwana Goma

"Ka buɗe baki ka yi min magana, Faïçal! Ni ba karatun takarda na zo yi ba!"

Bai buɗe ba. Ya jingina da motarsa a bayan kamfanin kujerun da yake aiki, ya ciro ɗan littafin da ya kwana huɗu a aljihunsa, ya yi rubutu, ya miƙa mata.

*Likita ya ce kwana goma. Saura shida.*

Ibtissam ta karanta, ta ɗago ta zuba masa ido. Daga makarantar koyon jinya take, ko farar rigar ba ta cire ba.

"Saura shida. Asabar kuma saura uku. Wata takwas ina lallaɓa Baba kafin ya ce ku zo gaisuwa... Durƙusawa za ka yi a gabansa ka miƙa masa takarda?"

*A ɗaga zuwa wani satin.*

"A ɗaga? Baban nawa?" Ta yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "Je ka gaya masa da kanka. Au, na manta, ba ka magana!"

Ya sunkuyar da kai. Muryarta ta sauka.

"Masoyi, wace irin waƙa ce wannan da ni kaina ban taɓa ji ba, amma tana neman raba ni da kai?"

Ya rufe littafin, ya mayar aljihu.

Shekara huɗu ke nan da abin ya fara. Ya kai kujera wani gida a Summerfield, yana hawa bene da ita a kafaɗa, yana ɗan rera wata waƙar da kakarsa take yi a Zinder in tana daka. Sai ya ji an ce da Hausa daga bayansa, "Ajiye kujerar. Sake yi."

Madam Abigel ce, tsohuwa 'yar Jos da ta yi shekara ashirin tana waƙa a ƙasashen Turai kafin ta koma koyarwa. Ta zaunar da shi gaban fiyano, ta yi ta danna sauti yana bi, sama, sama, har ya ji kansa yana rawa. Ta rufe fiyanon ta ce masu sana'ar suna kiran irin muryarsa tena, muryar namiji ta sama, kuma tasa mai laushi ce, ba mai tsawa ba. A opera, wasan da ake rera kowace magana a cikinsa, irinsa ake ba wa matsayin saurayi mai soyayya.

"Kullum?" ya tambaya.

"Kullum. Kuma galibi ba ya samun yarinyar."

Tun daga nan duk Laraba da Asabar yana gidanta. Ta kwantar da shi a ƙasa ta ɗora masa littattafai a ciki don ya koyi numfashi. Ta sa shi haddar Italiyanci da Jamusanci. Shekara guda cur suka yi a kan sauti uku kacal, inda murya ke barin ƙirji ta hau kai, wurin da ta ce masa gada, in ba a iya tsallakawa ba a nan ake faɗawa ruwa.

Yanzu an ba shi matsayi na farko a rayuwarsa, shi kaɗai a gaban mawaƙa tamanin, a wani babban coci, saura ƙasa da wata guda. Sai mura ta kama shi, ya yi gwajin waƙar a haka, washegari ya wuni yana ɗaga murya a kan ƙarar injina. Likita ya zura masa ɗan madubi a maƙogwaro, ya nuna masa wasu zare biyu farare a talabijin, ya ce su ne igiyoyin muryarsa, ɗayan da ɗigon ja.

Da ya kai wa Madam Abigel labarin Asabar a rubuce, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Ko raɗa ban yarda ba. Raɗa ta fi magana illa. In ka fasa wannan ɗigon, akwai wani yaro da ke jiran matsayinka, kuma ya haddace."

Tonton Laouali, ƙanin babansa, shi kuwa dariya ya yi har da buga ƙafa.

"Wannan ne damuwar? Bon, dama wane saurayi ne ke surutu gaban suruki? Ka sunkuyar da kai, ni zan yi magana. Maganar waƙa kuma ka bar ta a mota. Baban yarinyar, Alhaji Hassoumi, bai san ka da komai ba sai kujera da sahun gaba a masallaci."

Ranar Asabar bayan la'asar suka isa gidan, a East Greensboro, bayan shagon kayan abinci na Alhaji. Ganyen bishiyoyi duk ya zube ja a bakin ƙofa. A falo akwai dattawa huɗu a kan kafet, da butar shayi a tsakiya.

Faïçal ya cire takalmi, ya durƙusa can gefe, ya sa hannu a ƙirji. Alhaji Hassoumi ya ce, "Sannu da zuwa, samari. Ina gajiya?"

Ya ƙara sunkuyawa.

"Ina mutanen Zinder?"

Goshinsa ya kusa taɓa kafet.

"Lafiya lau suke, Alhaji, suna gaisuwa," in ji Tonton Laouali da sauri. "Haka yake. Ni kaina ba ya iya kallon idona."

Aka miƙa masa shayi, ya karɓa da hannu biyu ya ajiye, bai sha ba, don likita ya hana shi mai zafi. Dattawan suka kalli juna.

"Kun gani?" in ji ɗaya. "Ko shayi ba zai sha a gaban suruki ba."

"Shekararsa nawa a ƙasar nan?"

"Shida."

"Shida! Allahu Akbar. Nawa wata uku ya yi ya fara ce min what's up."

Aka yi dariya. Alhaji Hassoumi bai yi ba, kallon Faïçal kawai yake, idonsa ya yi laushi.

"Laouali, ba zan ɓoye maka ba, na yi niyyar in ja ku wata shida ina bincike. Mutum uku sun zo neman yarinyar nan. Ɗaya ya miƙo min hannu a tsaye. Ɗaya ya zauna a kujerata yana min bayanin kwamfuta. Amma wannan... tun da na baro Maradi ban ga kunya irin wannan ba. Binciken me zan yi kuma? Na ba shi."

A bayan labulen kicin wani abu ya faɗi, cokali ko murfi. Faïçal ya san wace ce.

Shi ke nan, ya samu. Abin da ya rage shi ne ya yi shiru na minti biyar kawai, a shafa fatiha, ya fita da mata a hannu da murya a maƙogwaro. Ya dubi shayin da ya huce a gabansa. Wannan dattijon ya ɗauki 'yarsa guda ya ba wani yaro mai kunya, kuma yaron babu shi a ɗakin.

"Baba..."

Muryar ta fito kamar ƙofa mai tsatsa. Tonton Laouali ya taka masa yatsa. Bai janye ba.

"Baba, ba kunya ba ce. Likita ne ya hana ni magana."

Alhaji ya gyara zama.

"Ciwo gare ka?"

"A murya. Ni mawaƙi ne."

"Mawaƙi," Alhaji ya maimaita a hankali. "Roƙo kake yi?"

"A'a."

"Wa kake wa waƙar? Sarauta ko 'yan kasuwa?"

"Ba kowa."

"Waƙa ba a yabon kowa? To wa ke maka liƙi?"

"Ba a liƙi. Zama suke yi shiru, sai an gama su tafa."

"Da wane yare?"

"Italiyanci. Jamusanci. Wannan karon Turanci."

"A ina?"

Ya haɗiyi yawu, ya ji zafin har kunne. "A coci, Baba."

Ɗaya daga cikin dattawan ya yi salati. Tonton Laouali ya fara, "Alhaji, wato abin..." Alhaji ya ɗaga masa hannu.

"Kai ka sani?"

"Na... na ɗan ji."

"Ku tashi ku je. Maganar da na yi, na yi ta ne a kan abin da na zata. Zan neme ku."

A bakin mota Ibtissam ta same shi, ko takalmi babu, hawaye har haɓa.

"Kwana bakwai ina roƙonka kalma ɗaya! Ɗaya! Sai da aka ba ka ni sannan bakinka ya buɗe?"

Ya laluba aljihu. Ta riƙe hannun.

"Kar ka rubuta. Na san me za ka ce... Shi ya sa nake jin haushinka, don na san gaskiyarka ce."

Likita ya ƙara masa kwana goma. Madam Abigel ta ce ba ta yi alkawarin komai ba sai ta ji da kunnenta. Daga gidan Alhaji kuwa ko waya babu. Faïçal ya yi ta ɗaukar kujeru, yana numfashi yadda aka koya masa.

Ranar Laraba da wa'adin ya cika, da hantsi, yana tsaye gaban fiyano a gidan Madam Abigel bai kai ga buɗe baki ba aka buga ƙofa. Alhaji Hassoumi ne da babbar riga, Ibtissam a bayansa tana kallon ƙasa.

"Ke ce malamar?"

"Ni ce, Alhaji. Sannu da zuwa."

Ya ja baya kaɗan. "Hausa kike ji?"

"A Jos aka haife ni. Ga kujera."

Ya zauna a bakin kujerar, ya ɗora hannu a gwiwa. "Ba na yanke hukunci a kan abin da ban gani ba. Ina makirufon?"

"Ba ma amfani da shi."

"Mutum nawa za su zo?"

"Kamar ɗari bakwai."

"Na baya zai ji?"

"In ya yi daidai, na baya zai fi jin daɗi."

Alhaji ya dubi Faïçal sama da ƙasa, kamar mai neman inda aka ɓoye injin. "To, bismilla."

Madam Abigel ta fara da shi daga ƙasa, a hankali. Muryar ta fito siririya, tana tsoro. Suka hau. Da suka zo gada, ya saki kafaɗa, ya tura numfashi daga ciki... ta tsallake. Tsohuwar ta buɗe takardar waƙar kawai ta ci gaba.

Ya rera. Bai kalli kowa ba, taga ya kalla, da dawakan maƙwabta a bayan shinge. Sautin ya cika ɗakin har kofunan da ke kabad suka ɗan amsa. Da ya gama, Ibtissam ta rufe baki da mayafi, idonta a buɗe kamar yau ta fara ganinsa.

"Matsayin naka ne," in ji Madam Abigel a taƙaice.

Alhaji ya juyo ga Faïçal.

"Turancin nan da ake ja ban kama ba. Me ka ce?"

"Labarin wani annabi ne, Baba, a zamanin da aka shekara uku ba ruwa. Ni mutum ne a cikin jama'a, ina ce musu su koma ga Allah da gaske, ko a ji tausayinsu."

"A bakinka akwai inda aka haɗa Allah da wani?"

"Babu. Na duba kafin in karɓa. Akwai wani aikin da na ƙi bara saboda haka."

Alhaji ya dubi Madam Abigel.

"Ya ƙi," ta ce. "Sati biyu ban yi masa magana ba."

Dattijon ya cire hula, ya shafa kai, ya mayar.

"Roƙon ruwa ke nan. Shekarar da fari ya cinye mana shanu, mun fita bayan gari da mahaifina, an yi ta kuka. Da akwai mai murya irin wannan a ranar..." Bai ƙarasa ba. Ya miƙe. "Ba ka yi min ƙarya ba ranar da ƙarya ta fi sauƙi. Maganar da na yi ta ba ka ita tana nan. Amma ka ji: ba ka waƙa a biki, ba mai manna maka kuɗi a goshi. Cocin kuma ni ba zan shiga ba. Ita ma muddin tana gidana ba za ta shiga ba. In ta koma gidanka, wannan tsakaninku ne."

Ya nufi ƙofa. Ibtissam ba ta bi shi ba.

"Baba..."

"Me kuma?"

"Saura kwana goma sha ɗaya a yi waƙar."

Ya tsaya, hannunsa a kan mariƙin ƙofa. Ya dubi 'yarsa, ya dubi Faïçal da ya sunkuyar da kai, ya girgiza nasa.

"Ka gaya wa Laouali ya nemo goro. Juma'a ta sama, bayan an sauko, a ɗaura."