Numfashin da ke Ƙarƙashin Sarewar Sanda

La'asar ta yi sanyi lokacin da Mu'awiya ya ɗaure rikoda a bayan babur, zai bar Kaura Namoda. Gurbin Bore za shi, can gaba da Zurmi, ya kai wani kaset. Aike ne da ko direban mota zai yi masa, amma bai ba kowa ba, don ya san abin da ke cikin kaset ɗin, kuma ba ya son wani ya sani.

Mahaifiyarsa, Inna Azumi, tana zaune a tsakar gida. Idonta ya daɗe da rufewa, da murya take gane mutane. Daga sallamar Mu'awiya a zaure takan san ko ya ci abinci ko bai ci ba.

"Auta, ina za ka da marecen ga? Muryarka ba ta yi min daɗi ba."

"Aiki na, Inna. Yanzu in dawo."

Situdiyo gare shi, ɗan ɗaki kusa da tashar jirgin ƙasa. A da, da tsohon mikisa yake haɗa sauti, wani akwati mai maɓallai da suka goge, wanda in ya daɗe a kunne yakan yi ɗumi kamar kasko. Sauti ya bi ta cikinsa ya hau zaren kaset ɗungurungum, da kaurinsa da ɗan shuu ɗin da ba ya rabuwa da kaset. Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a makaɗa suka ja jiki, kasuwar kaset ɗin wa'azi ta buɗe, Mu'awiya ya sayo kwamfuta daga Kano. Tun daga nan ba a sake samun sararinsa ba. Ko mai shayi sai da ya sha bayanin yadda kwamfuta ke yayyanka sauti ta mai da shi lambobi, ta wanke shi tas.

Tun kafin zuwan kwamfutar ne wani tsohon makiyayi, Sanda, ya shigo masa da sarewar kara. Tari ya ci ƙirjinsa, ya san ba zai daɗe ba. Shanunsa kuwa ba sa dawowa daga daji da magariba sai sun ji busarsa, haka ya gada daga ubansa. Yana so a ɗauki busar, don 'yarsa Suwaiba ta riƙa kunna musu bayan ransa.

Da aka gama ɗauka, Mu'awiya ya sa abin sauraro a kunne. A ƙarƙashin sarewar akwai wani numfashi mai kauri, a hankali, wanda ba ya tsayawa ko a inda Sanda ya tsaya yin tari.

"Baffa, akwai ɗan datti ƙasa. Iska na, ko zare."

Tsohon ya dafa hannunsa. "Ba datti ba na. Ba ni ɗai ka busa ba, yaro. Wanda ka taya mu ya riga kakana zama dajin ga. Ka yi man alkawali, kak ka taɓa abin da ag ƙasa."

Mu'awiya ya yi alkawari, yana dariya a zuci. Ya ba tsohon kwafi, ya ajiye uwar kaset ɗin a kan kanta.

Sanda ya rasu da rani. Kaset ya yi aiki, shanu suna dawowa. Sai da damina ta tsaya rikodar Suwaiba ta tauna zaren, ta zo neman wani kwafin. Nan hannun Mu'awiya ya yi masa ƙaiƙayi. Ya zuba uwar kaset cikin kwamfuta, ya ja layi a kan abin da ke ƙasa, ya share. Sarewa ta fito fes, siririya, kamar an goge ta da sabulu. Ya ji daɗin kansa ƙwarai. Uwar kaset kuwa, tunda a ganinsa ba ta da sauran amfani, ya ɗauki wa'azin Juma'a a kanta.

Ba a jima ba Suwaiba ta dawo, ta tsaya a bakin ƙofa ba ta shigo ba.

"Malam Mu'awiya, shanu ba su amsawa. Sun shige daji, mun bi su, ba su yarda mu matso. Su ɗai Baffa ya bar muna." Ta dube shi. "Mi yac ce maka ranar da kunka yi aikin ga?"

Ba ta yi faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi masa sauƙi. Kunya ta hana shi faɗin gaskiya. Ya ce mata kuskuren inji ne, zai gyara ya kawo da kansa. Da ta tafi ya ɗauko wani kaset da ba a ɗauki komai a kai ba, ya kwashi shuu ɗinsa, ya zuba a ƙarƙashin sarewar. Abin da ke ɗaure a bayan babur ɗinsa ke nan, ƙarya a kan cin amana.

Ya wuce Zurmi rana tana ja. Gero ya yi tsawo hagu da dama, hanya ta koma laka da sawun shanu. Ba kowa. Ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, kukan kwaɗi, da ƙarar inji.

Sai kwaɗin suka yi shiru gaba ɗaya.

Ya ji ƙas a bayansa. Ya san ƙarar, ta maɓallin rikoda ce. Sarewar Sanda ta tashi.

Batiran rikodar kuwa suna aljihun rigarsa, bai sa su ba. Yana jin nauyinsu a ƙirji.

Babur ya yi tari ya mutu. Ya sa ƙafa ya dafe ƙasa. Bayan babur ɗin ya lotsa a hankali, kamar yadda yake yi in babban mutum ya hau.

Wani wari ya rufe shi, na garke da ɗanyar ciyawa da tsohuwar ƙwarya. Sannan numfashi ya sauka a ƙeyarsa. Mai kauri ne, a hankali. Ya taɓa jin sa sau ɗaya, a cikin abin sauraro.

Bai waiwaya ba. A madubin babur babu komai sai gero da jan sama.

"Wanga ba nau ba na," aka ce, ƙasa-ƙasa, dab da kunnensa.

Shuu ɗin ƙarya yana ta zuba daga lasifika.

"Ina kak kai shi?"

Leɓɓansa suka motsa. "Na... na share."

"Zare ya ɗauke ni ɗungum, ban ce komi ba. Kai ka yayyanka ni, ka ƙidaya, ka zubar." Numfashin ya ja, ya sake. "Tsohon ya roƙe ka."

"Ya roƙe ni."

"Shanu ba su san karan sarewa ba. Abin da ag ƙasa suka sani. Sai an maida."

Ƙas. Wani maɓallin ya nutse. Ko bai duba ba ya san jan ne, na ɗauka.

Ya ji ana zare wani abu daga can ƙasan ƙirjinsa, kamar ana warware zaren kaset da fensir. Ba zafi. Sanyi ne kawai ke shiga inda abin ke fita.

Ya buɗe baki zai yi a'uziyya. Babu iska.

Sarewa tana tafiya. Ana ja.

Gero ya fara yi masa duhu a ido. Ya ƙanƙame kan babur.

Ya tuna busar tana da tsawo, kuma in ta kai ƙarshe da shi za ta ƙare.

Ya miƙa hannu baya. Yatsunsa suka ratsa wani abu mai ɗumi, mai gashi, mai laima. Ya lalubi rikoda, ya danna duk abin da ya taɓa.

Ƙas.

Can nesa, daga wani ƙauye, ladan ya ɗaga kiran magariba. Bayan babur ya ɗago. Kwaɗo ɗaya ya yi kuka, sauran suka bi.

Da tura babur ya ƙarasa rugar su Suwaiba a Gurbin Bore. Suwaiba ta karɓi rikodar ba ta tambaye shi me ya sa rigarsa ta jiƙe ba. Ta amshi batiran ta sa, ta mai da zare baya, ta ɗora ta a kan turke ta kunna. Sarewa ta tashi, kuma a ƙarƙashinta akwai numfashi, mai rawa, mai tsoro, na mutum. Mu'awiya ya gane shi, nasa ne. Kafin duhu ya gama rufewa gero ya fara motsi, shanu suka riƙa fitowa ɗaya bayan ɗaya, suna wuce Suwaiba, suna zuwa suna shinshina shi.

A rugar ya kwana. Da safe ya faɗa mata duk abin da ya yi, ta saurara har ƙarshe, ta ce Allah ya yafe mana, ta shiga tatsa.

Bai sake share komai daga sautin kowa ba. Ya sauko da tsohon mikisa ya kakkaɓe, kwamfuta ta koma buga takardun gayyata. Masu zuwa situdiyo suna cewa muryarsa ta yi fes, kamar ta mai karanta labarai, sai dai in ya yi magana mutum yakan waiwaya ya nemi inda rediyon yake. In ya yi barci ƙirjinsa yana hawa yana sauka, amma ba a jin komai.

Ranar da ya dawo daga Gurbin Bore, ya jingine babur ya yi sallama a zaure kamar kullum. Inna Azumi ta ɗaga kai, ta gyara mayafinta ta rufe kafaɗa.

"Wa alaikumus salam. Bawan Allah, wa kake nema? Auta ba ya nan, tun jiya nike sauraren shi."