Rautar da Ke Mutuwa Ranar Alhamis

Ita ta buɗe masa ƙofa, rimot a hannu ɗaya, ɗaya hannun a jiƙe da ruwan wanke-wanke.

"Kai ne mai intanet?"

"Ni ne."

"Yaya ya ce kana da surutu. Na ga alama."

Bai yi dariya ba. Shiru ake ce masa tun a sakandare, sunan ya biyo shi har wurin aiki. Ya cire takalmi, ya shiga da jakarsa.

Falon a hawa na biyu yake, ƙarami, talbijin ya cinye rabin bango. Baba na zaune a kujerar da ta lotsa daidai jikinsa, yana harara wani rubutu a kan allon: Ba a nuna wannan shiri a ƙasarku.

Matsalar ke nan. Babban ɗansa, wanda Shiru ya yi aji ɗaya da shi, gola ne a wata ƙaramar ƙungiya a ƙasa mai nisa. Tasha ɗaya ce ke nuna wasanninsu, ita kuma ba ta buɗuwa sai a can. Tun da yaron ya tafi, Baba bai taɓa ganinsa a filin wasa ba.

Shiru ya ciro sabuwar rauta, na'urar da ke rarraba intanet, ya jona ta da ta kamfani, ya buɗe kwamfuta ya fara saka VPN.

"Yi mini bayani, yaro," in ji Baba.

"Wannan za ta bi ta wata na'ura a can ƙasar, Baba. Tashar za ta ɗauka talbijin ɗin a can yake zaune."

"Wato ƙarya za ta yi musu."

"Adireshi za ta ara."

"Ƙarya mai ladabi ke nan. Ci gaba."

Auta ce ta riƙe masa tsani yana buga kebul a gefen silin. Ƙanwar golan ce, tana aiki a kantin magani. Tana miƙa masa ƙusa tana tsokanarsa, yana karɓa yana kallon bango. A nan ya ji tana gaya wa Mama cewa an mayar da hutunta ranar Alhamis.

Da hoto ya fito, filin ya cika falon da kore. Baba ya miƙe tsaye bai sani ba.

Aiki ya ƙare. Abin da ya dami Shiru ke nan. Ya zauna gaban kwamfuta, ya daɗe yana kallon wurin da ake tsara wa rauta lokaci. Sai ya rubuta mata umarni: duk Alhamis da rana ta yanke, kada ta dawo sai an tashe ta da hannu. Ranar Asabar ake wasa, ya gaya wa kansa. Babu wanda zai cutu.

Alhamis ta farko saƙon Auta ya shigo.

"Malam Shiru, rautarka ta suma."

"Ina zuwa."

Ya zo, ya ɓata lokaci yana taɓa wayoyin da lafiyarsu lau, sannan ya danna abu ɗaya. Auta ta kawo masa shayi. Alhamis ta biyu ma haka. Kafin wata ya zagayo, rakiyar da take yi masa ta tashi daga bakin ƙofa ta koma ƙasan bene, inda ake jingine babura.

"Da wane suna ka ajiye lambata?" ta tambaye shi wata rana.

Ya nuna mata. Falo, hawa na biyu.

"Innalillahi. Ni ce falo?"

"Zan canja."

"Kawo." Ta karɓi wayar ta rubuta da kanta, ta mayar masa. Autata. "Ni kuwa Shiruna na saka. Ka ga bambancin mai zuciya da mai kebul."

Ya kalli sunan.

"Ya yi," ya ce.

"Shi ke nan? Ya yi?"

"Ya yi sosai."

A gidan akwai wanda bai yi masa ba. Ɗan ƙanwar Mama ne, mai shagon wayoyi, ana ce masa Mai Turare don ƙamshinsa kan riga shi hawa bene. Mama ta daɗe tana yi masa sha'awar Auta. Duk Asabar yana falon, yana ihu fiye da kowa, alhali golan da ake taruwa dominsa a benci yake zaune. Kyamara kan wuce ta kansa sau ɗaya, Mama ta ce, "Ya rame," Baba ya ce a yi masa shiru.

"Wai wannan wace irin rauta ce mai ciwon sati-sati?" Mai Turare ya taɓa tambaya. Shiru ya ce haka suke yi wani lokaci. Ya yi niyyar goge umarnin a ranar. Ya bar shi sai mako mai zuwa.

A makon ne aka saka wasan kofi ranar Alhamis.

Shiru na kan rufin wani otal a ɗaya gefen gari, wayarsa na cikin jaka a ƙasa. Golan farko ya ji ciwo, aka ɗago Yaya daga benci. Yana saka safar hannu, allon ya daskare, rubutun nan ya dawo. Auta ta kira har ta gaji. Mai Turare ya juya rautar, ya ga kalmar sirri manne a ƙarƙashinta, ya shiga. Bai iya tashe ta ba, amma ya ga umarnin, ya karanta wa kowa da ƙarfi.

Da Shiru ya iso an tashi wasa. Yaya ya kama fenariti.

Baba bai ɗaga murya ba.

"Na gani a waya daga baya," ya ce. "Ba ɗaya ba ne. Na riga na san ya kama."

Shiru ya sunkuyar da kai.

"Kai ka saka?"

"Ni ne."

"Mutumin da zai ɓata aikin hannunsa don a buɗe masa ƙofa, in ya shiga me zai ɓata? Ɗauki takalminka. Kada ka ƙara hawo mini bene."

Mai Turare ne ya riƙe masa ƙofa, har da cewa a sauka lafiya.

Saƙonta ya same shi a bakin titi.

"Da ka ce kana son ganina, da na buɗe maka ƙofa da kaina. Sai ka zaɓi ka kashe wa tsoho talbijin."

"Ban iya faɗa ba."

"To ka koya."

Daga nan ba ta ƙara rubuto komai ba. Ya ji labari wajen Yaya a waya cewa Mama ta fara maganar Mai Turare a fili, Baba kuma bai ce a'a ba. Yaya ya zage shi son ransa, sannan ya ce, "Kai wawa ne tun muna aji ɗaya. Je ka yi magana."

Ya je ran wata Litinin, lokacin da ya san Auta na kanti. Baba ya buɗe, ya tsaya a ƙofar bai matsa ba.

"Baba, na yi laifi. Saboda Auta na yi. Ina sonta, ban san yadda ake faɗa ba, sai na taɓa abin da na iya. Wasan da ka rasa ba zan iya dawo maka da shi ba. A bar ni in gyara yadda ba za a ƙara nemana ba."

Maganar ta fi duk wadda ya yi a gidan in an haɗa. Baba ya dube shi sama da ƙasa, ya matsa gefe.

Shiru ya goge umarnin a gabansa. Ya saita rautar ta riƙa tashi da kanta in ta yanke, ya ƙara mata wata hanyar ko da ta farko ta toshe. Ya nuna wa Baba inda ake dannawa, ya sa shi ya maimaita har hannunsa ya saba. Sannan ya ɓare takardar da ke ƙarƙashin rautar, ya tura masa kwamfutar.

"Saka sabuwar kalmar sirri, Baba. Wadda kai kaɗai ka sani."

Ya juya baya yana kallon labule. Baba ya daɗe yana neman haruffa da yatsa ɗaya.

"Yanzu ba ka da hanyar shiga."

"Babu."

"Ba ka kuma da dalilin zuwa."

"Babu."

"To sai anjima."

Rautar ta yi aiki. Alhamis ta zo ta wuce, wata ta biyo ta. Yaya ya zama golan farko. Shiru na hawa rufi yana sauka, yana duba waya fiye da yadda aiki ke buƙata.

Sai wata rana da hantsi saƙon Auta ya shigo:

"Rautar tana aiki."

"Na sani."

"Haushi take ba ni."

"Ni ma."

"Na ce wa Mama turare yana sa ni atishawa. Ta gane."

Ya zauna a kan tsani. Ya rubuta, ya goge, ya sake rubutawa.

"Autata, ina sonki. Ina kewarki kullum, ba Alhamis kaɗai ba. In Baba ya yarda, ke nake so in aura."

Amsar ta ɗan jima.

"Shiruna. Wa ya rubuta maka?"

"Ni."

"To na karɓa. Saura Baba. Duk Asabar sai ya leƙa bayan talbijin yana jira ta mutu."

Ba ta mutu ba. Aka gama kakar wasa ba ta yanke ko sau ɗaya ba. Ran da aka buga wasan ƙarshe, wayar Shiru ta yi ƙara da la'asar. Lambar Baba ce.

"Yaro."

"Na'am, Baba."

"Talbijin lafiya lau."

"Alhamdulillahi."

"Rauta ma lafiya lau. Na duba ko'ina, babu abin da ya lalace a gidan nan." Ya yi gyaran murya. "Don haka ka turo manyanka."

An ɗaura aure bayan Yaya ya dawo hutu. Mai Turare ya zo, ya ci, ya ɗauki hotuna fiye da mai hoto. Mama ta yi kuka, ta ce angon ma ya rame, a riƙa ba shi abinci.

Da za a tafi da amarya, Baba ya zaunar da su a falon, ya kashe talbijin da kansa.

"Allah ya ba ku zaman lafiya, ya sa albarka, ya ba ku zuri'a tagari. Ke, ki yi haƙuri da shi, maganarsa a hankali take saukowa. Kai kuma, in abu na cinka, buɗe baki ka faɗa mata. Kada ka taɓa mata waya ko ɗaya a gida."

Falon ya ɗauki dariya. Shiru ya ce amin da ƙarfi.

Auta ta ɗaga mayafi ta dube shi, don har waɗanda ke tsaye a ƙasan bene sun ji.