Yarinyar da Aka Gani a Juji

Wari ne ya fara haɗa su. Raudha ta shiga shagon gyaran kwamfuta na Anti Nneka a Sabon Gari rungume da laftop ɗinta da ya ƙi kunnuwa, sai wani ɗoyi ya daki hancinta, irin na ruɓaɓɓen tumatir da ya kwana a kwata. Ta ja gefen hijabi ta toshe hanci.

"Anti, ɓera ne ya mutu muku?"

Nneka ta tuntsire da dariya, ta nuna lungu da baki. "Ba ɓera ba ne, Ilu ne. Kai Ilu, ban ce ka riƙa barin takalmin nan a waje ba?"

Saurayin da ke zaune a lungun ya juyo cike da kunya. A allon da ke gabansa wani ƙaramin jirgi mai farfela ɗaya yana sauka a kan fili kore shar, ba kwalta, ba gini.

Ya ce tsohon filin saukar ƙananan jirage ne a bayan gari, na ciyawa zalla, tun kafin a haifi iyayensu. Yanzu ya zama juji. Shi kuma yana sake gina shi a manhajar koyon tuƙin jirgi, don duk wanda ya so a duniya ya sauka a kansa.

"Shi ne kake tonon shara?"

"Duwatsun da suka shata gefen filin nake nema. Suna nan a ƙasa. Ba na son in ƙaga abin da babu."

Raudha ta taɓe baki. Amma da za ta tafi ta ba shi lambarta, wai saboda laftop. Laftop ɗin da Nneka ce ke gyarawa!

Saƙonni suka fara kai-komo.

"Matuƙiyata, yau na tono dutsen kusurwar gabas. Ke na fara tunawa."

"Tir! A juji kake tuna ni? Je ka yi wanka tukuna, Kyaftin, sannan ka ce kana sona."

"Na yi. Ina sonki."

Da yake safiyo take karanta, wato ilimin awon ƙasa, awonsa na ido ya riƙa ba ta haushi. Wata Asabar ta ce a gida za ta Kantin Kwari duba atamfa, ta ɗauki tef ɗin awo ta bi shi.

Wa'iyazu billah! Tsaunukan leda, gashin kaji, ƙunzugun yara, da wani baƙin ruwa mai kumfa da ke tsiyaya ƙarƙashin ƙafa. Ƙudaje kuwa har cikin ido. Ta riƙe bakin tef da hannu ɗaya, ɗayan yana danne da hijabi a fuskarta. Ta tsine wa duk wanda ya mayar da wuri mai tarihi haka. Shi kuwa Ilu yana can ɗaya ƙarshen, yana mata murmushi kamar a lambu suke. Ranar ta yar da takalminta a hanya, ranar kuma ta tabbatar ba ta da miji sai shi.

Da manyansa suka zo gidansu Raudha a Fagge neman izinin aurenta, Babanta, tsohon shugaban makaranta mai tsantseni, ya ɗora wa ƙanensa Baffa Abdulgani bincike kamar yadda aka saba. Wannan kuskure ne da kowa ya gani ban da Baba, don Baffa ya daɗe yana yi wa ɗansa Ahmad kwaɗayin Raudha. Ahmad ɗin da ke zuba turare a kan gumi, in ya zo gaisuwa sai an buɗe tagogi.

Bayan 'yan kwanaki, da la'asar, Baffa ya kawo sakamako. Raudha ta shigo falo da ruwa, ta same shi yana yatsina fuska.

"Yaya, yaron nan ɗan jari-bola ne. Yini yake a shara, ya dawo Sabon Gari buga gem a kwamfuta. Wannan ma da sauƙi. Mata yake ja zuwa can!"

Ya miƙa waya. Hoto ne da wani ya taɓa ɗauka daga nesa: Ilu a kan juji, da wata mace da ta rufe fuska da hijabi.

"Dubi wannan ƙazamar. Wallahi ko kyauta aka ba ɗana irinta, ba za ta taka mini gida ba. Ko wane gida ne ya yi mata tarbiyya, oho."

Baba ya kawar da kai cikin ƙyama. "Magana ta ƙare. A ba su haƙuri."

Raudha ta ajiye ruwan. In ta yi shiru, ta rasa Ilu, kuma da ƙazafi a kansa. In ta yi magana, Baban da bai taɓa kama ta da ƙarya ba zai san ba Kantin Kwari ta je ba. Tsoro ya cika ta, amma ƙyamar bakin Baffa ta fi tsoron yawa. Ta durƙusa.

"Baba, ni ce."

"Ke ce wa?"

"Ta hoton. Awo na taya shi. Na yi muku ƙarya, ka yafe mini. Amma shi bai ja kowa ba, ni na kai kaina."

Baba ya daɗe yana kallonta, idonsa ya kaɗa. Ya ce ta tashi ta ba shi wuri.

Ya yi kwanaki ba ya amsa gaisuwarta, abin ya ci ta ƙwarai. Sannan ya aika aka kira Ilu. Ya wanke shi tas a kan kai 'yar mutane wuri ba izini, Ilu na durƙushe yana ba da haƙuri. Da faɗan ya lafa, ya ce a nuna masa filin a kwamfuta. Ya gyara tabarau, ya ga ciyawa tana kaɗawa, ya ga hoton jujin a gefe, ya yi tsaki mai tsawo.

"Mu muka yi wannan ƙazantar, ba kai ba."

Da Baffa ya dawo yana lallaɓa zancen Ahmad, Baba bai ko ɗaga kai ba.

"Ai ka rantse ba za ta taka maka gida ba, Abdulgani. Ba zan sa ka kaffara ba. Sai dai kai ne waliyyinta a aurenta da Ilu, ka shirya."

Haka kuwa aka yi. Ranar Juma'a, a gaban jama'ar Fagge, liman ya tambaya, Baffa ya haɗiye yawu mai ɗaci, ya ce da bakinsa ya ba Ilyasu, wato Ilu, auren 'yarsa Raudha. Aka shafa fatiha, guɗa ta tashi a cikin gida, Anti Nneka ta rungume amarya tana rawa.

Da za a fita da ita, ta durƙusa gaban Baba tana kuka. Ya dafa kanta.

"Na yafe miki tun ranar da kika ce ke ce. Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku zuri'a mai gaskiya irinki."