Sarkin da Ya Ƙona Kek ɗin Kaka

A wani ƙauye a yankin Somerset na ƙasar Ingila akwai wani yaro ɗan aji huɗu. Yaron kirki ne, amma da ka ɗan yaba masa sai kansa ya kumbura.

Wata rana malamarsu, Malama Vowles, ta ce za su yi wasan kwaikwayo a gaban iyaye ranar Juma'a. Wasan a kan Sarki Alfred ne, wanda ya yi mulki a zamanin da.

Ta ce, "Ana ba da labari cewa abokan gaba sun taɓa korar sarkin. Ya ɓuya a bukkar wata tsohuwa, nan cikin fadamun yankinmu. Ba ta san sarki ba ne. Ta bar masa tsaron waina a kan wuta. Tunanin yaƙi ya ɗauke masa hankali, waina ta ƙone. Tsohuwa ta dawo ta wanke shi tas."

Yara suka fashe da dariya. Malama ta ɗauko kambin sarauta na kwali, ta ɗora a kan yaron nan. Ta ba wata yarinya mai suna Mabel tsintsiya, ta ce ita ce tsohuwa.

To, tun daga ranar aka shiga uku a gidan su yaron. Ko takalmi ba ya son ɗauka da kansa.

Mamarsa ta ce, "Kai, zo ka kwashe kwanukan nan."

Ya ce, "Mama, sarki ba ya kwashe kwanuka."

Ta ce, "Ashe? To sarki ba zai ga abincin dare ba." Dole ya tashi yana ƙunƙuni.

Ranar gwaji a makaranta, Mabel ta ɗaga tsintsiya ta fara faɗa kamar yadda aka koya mata.

"Kai malalaci! Ka iya ci, ba ka iya tsaro ba!"

Yaro ya sha mur. Ya zaro takobinsa na katako, ya daka tsawa. "Ke! Kin san da wa kike magana? Dogarai, ku kama ta!"

Malama ta ce, "Babu wannan a cikin wasan."

Ya ce, "Ai ya kamata a sa. Ta yaya wannan mai hanci kamar karas za ta yi wa sarki faɗa?"

Wasu yara suka ƙyalƙyale. Mabel ta ajiye tsintsiya, idonta ya cika da hawaye. Malama ta miƙa hannu ta cire kambin daga kansa.

Ta ce, "Kambin nan zai zauna a kan teburina. Ka je ka yi tunanin abin da Sarki Alfred ya yi da aka yi masa faɗa. Idan ba ka gane ba kafin Juma'a, wani zan naɗa."

Ga shi kuwa yaro ya riga ya gaya wa kowa a ƙauyen cewa shi ne sarki.

Da aka tashi ya wuce gidan kakarsa. Ya same ta tana yanka tuffa. Ita ce za ta yi kek ɗin da iyaye za su ci da shayi bayan wasa. Tuffar daga bishiyar da marigayi kakansa ya dasa ce, kuma ita ce ta ƙarshe a wannan shekarar.

Kaka ta ɗan rusuna da zolaya. "Ranka ya daɗe! Ina kambin?"

Ya ce, "Malama ta ajiye mini, kada ya yi datti." Bai yarda sun haɗa ido ba.

Kaka ta sa kek a tanderu. Ta ce, "Zan kai wa maƙwabciyata magani. Ka zauna nan. Da ka ga samansa ya yi ja, ka leƙa ta katanga ka kira ni. Ka ji?"

"Na ji, Kaka."

Tana fita ya hango wani tsohon jan labule a kan kujera. Ya yafa shi kamar alkyabba. Ya tafi gaban madubi a ɗaki, yana taku ɗai-ɗai, yana ɗaga wa talakawansa hannu. Ya yi jawabi, ya sake yin wani. Ya ci abokan gaba da yaƙi har ya gaji.

Sai ya ji ƙauri.

Ya ruga kicin. Hayaƙi ya turnuƙe ko'ina. Kaka ta shigo da sauri tana tari, ta kashe wuta, ta buɗe taga. Ta fito da kek baƙi ƙirin kamar gawayi.

Kaka mai fara'a ce, amma ranar ranta ya ɓaci sosai. "Abu ɗaya na sa ka! Ɗaya tak! Tuffar kakanka ce fa, babu saura. Me zan ba mutane gobe?"

Yaro ya buɗe baki zai ce laifin tanderu ne. Sai ya ga Kaka tana share ido da bakin rigar girkinta. Ya dubi labulen da ke kafaɗarsa, ya dubi ƙonannen kek. Kunya ta rufe shi.

Ya ce a hankali, "Kaka, da tsohuwar nan ta yi wa Sarki Alfred faɗa, me ya yi mata?"

Kaka ta ce, "Me kuwa zai yi? Shi ya ƙona waina. An ce shiru ya yi ya karɓi faɗansa. Ko 'ni ne sarki' bai ce ba."

Yaro ya cire labulen ya ninke. "Laifina ne, Kaka. Ki yi haƙuri." Sannan ya gaya mata gaskiyar maganar kambi, da abin da ya ce wa Mabel.

Kaka ta jawo shi jikinta. "Ja'iri. To ka san su wa ke da gonar tuffa a ƙauyen nan?"

Ya sani. Gidan su Mabel ne.

Tafiyar ba nisa. Ya je ya ƙwanƙwasa. Mabel ce ta buɗe ƙofa. Ta harɗe hannu.

"Me mai hancin karas za ta yi maka?"

Ya ce, "Haƙuri na zo ba ki. Ban kyauta ba. Kuma na ƙona kek ɗin Kaka."

Mabel ta zaro ido. "Da gaske ka ƙona? Kamar a wasan?" Ta yi ta dariya har ta riƙe ciki. Babanta ya cika musu kwando da tuffa. Su biyu suka ɗauko, suka taya Kaka fere. Wannan karon yaro bai matsa daga gaban tanderu ba.

Da safe Mabel ta raka shi wurin Malama, ya ba ta haƙuri. Malama ta yi murmushi, ta mayar masa da kambi.

Da aka fara wasa, ƙonannen kek ɗin Kaka aka ajiye a kan dandamali. Mabel ta ɗaga tsintsiya ta surfa masa faɗa. Yaro ya sunkuyar da kai, ya ce, "Kin yi gaskiya, Inna. Laifina ne."

Sai aka ji muryar Kaka daga cikin jama'a. "Ƙara masa, 'yar nan! Nawa ya ƙona jiya!"

Zauren ya kaure da dariya da tafi. Har sarkin ma sai da ya dara.

Bayan wasa ya zaga yana raba wa iyaye sabon kek, da kambinsa a kai. Ya gane cewa ba kambi ke sa mutum ya zama babba ba. Babba shi ne wanda idan ya yi kuskure yake amsa laifinsa, ya ba da haƙuri, ya gyara.

Yankan da ya fi girma kuwa, Kaka ya kai wa.