Kofin da Yake Kuka

Tsiii... ƙis! Ƙis!

Daren nan ma ƙarar ta sake fitowa daga kicin, siririya, kamar ana jan zare ta tsakanin haƙora.

Auta ce tsaye da buta a hannu, tana zuba tafasasshen ruwa cikin wani ƙaton kofi mai kauri. Bakinsa ya ɓalle ta gefe guda, tsaga ta faro daga sama har gindi. Duk sanda zafi ya shiga tsagar nan, sai kofin ya yi kuka. Ita kuwa kukan nan ya fi mata kowace waƙa daɗi.

"Auta! Ke da kofin nan kuma?"

Umma ce a bakin ƙofa.

"Gwada shi nake, Umma. Gobe yana da aiki."

"Ki ji tsoron Allah. Tsohuwa, uwar saurayinki, za ta tako har gidanmu saboda ke, maƙwabciya ma ta fara tambaya ko aljani muke kiwo a kicin..."

Auta ta yi murmushin da bai kai ido ba.

Wata bakwai ke nan da kofin ya shigo gidan. A ranar ne saurayinta, mai gyaran agogon da shagonsa yake kallon shagon ɗinkinta, ya kai ta gidansu ta gaida mahaifiyarsa, Inna. Ya bar ta a falo ya fita. Inna na kwance a ɗaki ba lafiya, sai yayarsa ce ta karɓe ta, tare da wata ƙawarta da ta daɗe tana yi wa ƙanen nata sha'awarta.

Aka shigo da tire. Ƙananan kofunan tangaran masu zanen ruwan zinariya a baki, kowanne zaune a kan farantinsa kamar amarya. Yaya ta ɗauki ɗaya, ta miƙa wa ƙawarta ɗaya. Sannan ta dire wannan ƙaton a gaban Auta.

"Inna ta ce ke da wannan za ki sha. Da shi muke ba masu gyaran famfo ruwa. Kin san hannun da ya saba da almakashi, kada a yi mana ɓarna."

Ƙawar ta rufe baki da gyale tana dariya.

Auta ta ɗauki kofin. Ta shanye shayin tas, ta jefa kofin cikin jakarta, ta fice.

Tun daga ranar, kullum mai agogo sai ya tsallako titi ya tsaya a bakin shagonta.

"Sahibata, me na yi miki?"

Keken ɗinki kawai ke ba shi amsa.

"Hasken idona, ko zagina ne ki yi, in dai zan ji muryarki..."

"Tambayi gidanku."

"Na tambaya! Yaya ta ce haka kawai kika tashi kika tafi."

"To haka ne."

Ya rame, kwalar rigarsa ta yi masa yawa. Aikinsa ma ya lalace: duk agogon da ya gyara sai ya riƙa latti, har mutanen layin suka fara cewa tela ce ta sa kowa ke makara wajen aiki. Tana ganinsa ta tagar shago, ya manna gilashi a ido yana kallon agogo, amma hannunsa ba ya motsi. Zuciyarta takan yi ciwo. Sai ta tuna dariyar nan, ta taka keke da ƙarfi.

A ƙarshe ya ce zai kawo Inna da kanta, a yi ta ta ƙare.

"Kawo ta," in ji Auta. "Ka haɗo da Yaya."

Washegari da la'asar suka iso. Inna 'yar ƙaramar tsohuwa ce, ta ɓoye hannayenta cikin mayafi, fuskarta ba yabo ba fallasa. Yaya ta ci ado da farin leshi, tana kallon labulen falon kamar tana neman datti. Mai agogo ya rakuɓe a bakin ƙofa.

A kicin, Auta ta jera sababbin kofunan tangaran da ta saya takanas saboda wannan rana. Ta sa ƙaton a tsakiyarsu.

Umma ta riƙe mata hannu. "In kika kai mata wannan, kin rasa yaron nan har abada. Kin sani?"

"Na sani."

"Kina sonsa?"

Auta ta zare hannunta. "Kamar raina, Umma. Amma ba zan shiga gidan da aka auna ni da kofin masu famfo ba, sai na rama."

Ta ɗauki tire.

Ta ajiye wa Umma ƙaramin kofi da farantinsa. Ta ajiye wa mai agogo. Ta ajiye wa Yaya. Sannan ta durƙusa gaban tsohuwar, ta dire ƙaton, ta kwarara shayi mai tururi.

Tsiii... ƙis! Ƙis!

"Ke da wannan za ki sha, Inna."

 Yaya ta yi fari fat kamar leshinta.

Tsohuwar ta kasa kunne.

"Wannan kukan... Kofina!"

Ta fito da hannayenta daga mayafi. Sai a lokacin Auta ta ga yadda suke kakkarwa, kamar ganye a iska. Ta rungumi kofin da tafuka biyu, kaurinsa ya tare zafin, nauyinsa ya danne rawar. Ta kai baki ta kurɓa, ko ɗigo bai zuba ba.

"Wata bakwai ban sha shayi a gaban mutane ba," ta ce, hawaye na bin kumatunta. "Waɗancan 'yan firit ɗin, da na ɗauka sai su yi ta kaɗa faranti kamar ƙararrawa, in jiƙa jikina. Mahaifinsu ne ya saya mini wannan. Ko wancan da ke bakin ƙofa ban taɓa bari ya sha da shi ba."

Tsohuwar ta juyo ta dubi Auta.

"Ranar da kika zo, 'yata, na kasa tashi. Na ce a ba ki kofina, ki san na karɓe ki tun ban gan ki ba. Sai aka dawo aka ce mini kin raina shi, kin wurga shi a kwata."

"Aka ce miki?" in ji Auta.

"Aka ce mini."

A hankali idanun kowa suka koma kan farin leshi. Mai agogo ya miƙe tsaye.

"Yaya! Ke ce?"

"Ni... wasa ne fa kawai, ita ce ba ta san wasa ba..."

"Zauna," Auta ta ce masa, murya a sanyaye. "Baƙuwata ce. Ban zuba mata ba tukuna."

Ta ɗauki ƙaramin kofin, ta sa wa Yaya a hannu. Ta zare farantin. Ta tura teburin gefe da ƙafa, can nesa. Sannan ta ɗaga buta ta zuba, ta zuba, har shayin ya yi tozo a bakin kofin, yana rawa.

Mariƙin ɗan mitsitsi ne, yatsa biyu kawai yake ɗauka. Tangaran ɗin kuwa siriri, zafi na ratsa shi. Ba wurin ajiyewa, ba halin kurɓa, ga farin leshi a ƙasa.

"A kula, Yaya, sabo ne. Kin san hannun da ya saba da ƙulle-ƙulle, kada a yi mana ɓarna."

"Don Allah ki karɓa, yana ƙona ni!"

"Ya gida? Ya ƙawarki mai dariya? Ta samu miji kuwa?"

"Inna, ki yi mata magana!"

Inna ta sake kurɓa, ta lumshe ido. "Ni shayi nake sha."

Ɗigo ɗaya ya sauka kan leshi. Na biyu ya biyo.

"Na yi ƙarya! Ni na ƙulla, ba masu famfon da suka taɓa shan ruwa da shi. Ki yafe mini, ƙanwata!"

Auta ta bari ɗigo na uku ya sauka. Sannan ta miƙa farantin.

Ta juya ta durƙusa gaban tsohuwar, wannan karon gwiwa biyu.

"Inna, ni ma da mugunta na kawo miki shi. So na yi in wulaƙanta ki."

"Na sani, ai na ga idonki." Ta miƙa mata kofin da hannu mai rawa. "Muguntarki ta yi mini daɗi. Ungo, sha. Wannan karon daga hannuna."

Auta ta sha, hawaye na ɗiga ciki.

"Sahibata..." in ji mai agogo daga bakin ƙofa. "Yanzu in na tsallako titi, za a amsa mini?"

"Je ka gyara agogunan mutane tukuna. Ranar aurenmu ba na son kowa ya makara."

Ya yi dariya har da dafa bango. Umma ta ɗauki buta ta ƙara wa Inna, kofin ya sake sakin kukansa.

Tsiii... ƙis!

Sai ga kan maƙwabciya ta taga, ido waje.

"Salamu alaikum! Wai don Allah, abin nan da ke kuka a gidanku wata da watanni, yau kuma har da rana, mene ne shi?"

Inna ta dubi Auta. Auta ta dubi mai agogo. Yaya kuwa tana ta goge leshinta.